Injin Sassaƙa Bai San Maigidansa Ba

Ya kai ɗalibi, idan ka koma gida yau, ka dubi ƙafar gado ko ta kujera ko ta teburin da ke ɗakinku. Mai yiwuwa ne ka tarar da ita a mulmule, wani wuri ya yi kauri, wani wuri ya tsuke kamar wuyan gora, ga kuma zobba an zagaya ta da su. Ka shafa ta da hannu, za ka ji santsi kamar na ƙwai. Gizago ba ya yin irin wannan aiki, zarto ma ba ya yi. Akwai inji na musamman da ke riƙe itace yana juya shi da sauri, mai sana'a kuma ya kanga masa kurfi, wato ƙarfe mai kaifin baki, yana fere shi har ya fitar da siffar da yake so. Wannan shi ne injin sassaƙa, kuma a kansa nake so mu yi magana. Na yi shekaru ina tsayawa a gabansa. Ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, amma na ga hannuwan da ya lalata, na kuma san masu su.

Ni mutumin Potiskum ne, a Jihar Yobe. Garinmu yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta bi ta Azare, ta nufi Damaturu da Maiduguri. An san shi da kasuwar shanu, wadda take cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, da kasuwar hatsi, da manyan motocin ɗaukar kaya. Ngizim da Karai-Karai da Bolewa da Fulani da Barebari da Hausawa duk suna zaune a cikinsa, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa su a kasuwa da wurin sana'a. Inda jama'a suka yi yawa, ana aure, ana gina gidaje, kafinta ba ya rasa aiki. Amarya tana son gado da kujeru, makaranta tana son tebura, mai sabon bene yana son sandunan matakala. A garin akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnati, inda ake koyar da sana'o'in hannu. Duk da haka, yawancin yaran da ke taɓa wannan inji a rumfar maigida suke koyo, a bakin hanya, kamar yadda ni ma na koya a rumfar kawuna.

Tun kafin zuwan inji, ƙasar Hausa da maƙwabtanta suna da masassaƙa. Su ke sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da muciya da allo da ƙotar fartanya. Sukan nemi ƙirya domin turmi saboda taurinta, su nemi aduwa domin allo. Kayan aikinsu gatari ne da gizago. Masassaƙi ma yakan ji rauni, domin gizago yakan kuɓuce ya sare shi a ƙafa. Sai dai a wurinsa itace a kwance yake, ƙarfe ne ke motsi, ƙarfin kuwa na damtsensa ne. Da zarar ya ji zafi, hannunsa zai tsaya, aikin ma ya tsaya. A injin sassaƙa al'amarin ya juye. Itace ke gudu, ƙarfe yana tsaye, ƙarfin kuma daga wutar lantarki yake zuwa. Wutar lantarki kuwa ba ta jin ihun mutum. Ka riƙe wannan bambanci da kyau, domin duk dokokin da zan faɗa maka daga gare shi suka fito.

Dabarar juya itace tsohuwa ce ƙwarai. A ƙasar Masar, a bangon kabarin wani babban malamin addininsu na dā mai suna Petosiris, akwai zanen da aka yi kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Zanen ya nuna mutum biyu, ɗaya yana jan igiyar da aka naɗa a jikin itace yana juya shi, ɗayan yana riƙe da ƙarfen fira. Har yau a kasuwar Marrakesh ta ƙasar Maroko akwai masu juya itace da baka mai tsirkiya. Hannu ɗaya yana jan bakan, yatsun ƙafa kuma suna taimakawa wajen riƙe kurfi. Waɗannan mutane suna iya kai yatsunsu kusa da kaifi ba tare da tsoro mai yawa ba, saboda itacen ba ya juyawa sai da izinin hannunsu. Namu injin ba ya neman izinin kowa bayan an danna makunni.

Bari in kwatanta maka shi. Doguwar shimfiɗa ce ta ƙarfe. A hagu akwai kai, inda na'urar lantarki take jan bel, bel kuma ya juya sandar ƙarfe mai haƙora. A dama akwai gindi mai tsini, wanda ake matsarwa gaba ko baya. Tsakanin haƙoran kai da tsinin gindi ake matse itace. A gaban itacen akwai madogara, wani ƙarfe ne miƙaƙƙe wanda ake ɗora kurfi a kansa. Ka ga abu ne mai sauƙin fahimta, shi ya sa maƙeran walda na gida suke iya haɗa shi. Sauƙin nan ne ke sa yaro ya raina shi. Zarton lantarki yana da haƙora a fili, kowa yana tsoronsa. Itacen da ke juyawa kuwa, in ya yi sauri, sai ya zama kamar a tsaye yake, har ido ya so hannu ya shafa shi.

Hanyoyi huɗu ne wannan inji yake bi ya cuci mutum: kamu, da jifa, da fizga, da ƙura.

Kamu shi ne mafi muni. Mu yi lissafi tare. A ce itace yana juyawa sau 1,500 a minti ɗaya. Wato sau 25 ke nan a sakan ɗaya. A ce kaurinsa inci 2 ne, kewayensa kuwa kimanin santimita 16. Idan bakin hannun riga ya maƙale a jikinsa, a cikin sakan ɗaya zai naɗe yadi mai tsawon kusan mita 4. Mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin rubu'in sakan kafin ya ga abu ya motsa hannunsa. A wannan ɗan lokaci inji ya riga ya cinye mita ɗaya, hannun riga kuwa bai kai mita ɗaya ba. Abin da ke biye da yadi shi ne hannu, bayan hannu kafaɗa, bayan kafaɗa fuska. Saboda haka zafin nama ba ya ceton kowa a nan. Abin da ke ceto shi ne kada a bar wa inji abin da zai kama.

Tufafinmu na Arewa masu yalwa ne, kuma suna da kyau, amma wurinsu masallaci ne da gidan biki. Babbar riga, da jallabiya, da kaftani mai sakin hannu, da jelar rawani, duk a cire su kafin a matso. A sa riga mai gajeren hannu wadda ta kama jiki. A cire agogo da zobe da carbi da duk abin da ke rataye a wuya. Mai dogon gemu ya kula da sunkuyawa. Akwai kuma abin da zai ba ka mamaki: ba a sa safar hannu a wannan inji. A wajen ɗaukar katako tana kare mutum daga sartse, amma a gaban abu mai juyawa tarko ce, domin in ta kamu ba ta yagewa, sai ta tafi da yatsun da ke cikinta. Haka nan tsumman shafa mai da samfefa, ba a naɗa su a yatsa. A riƙe su da bakin yatsu, ta yadda in inji ya fizge su, zai tafi da su su kaɗai.

Kawuna ba ya yi wa kowa sassauci a wannan doka. Wata rana wani attajiri ya zo duba ƙafafun gadon 'yarsa, ya nufo inji da babbar riga tana jan ƙasa. Kawu ya kashe inji nan take, ya jira har itacen ya tsaya, sannan ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ja baya. Ni na san girmanka, amma wannan ƙarfe bai san Alhaji ba, bai san almajiri ba. Ni ma da na saye shi da kuɗina bai san ni ba." Alhajin ya yi dariya, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Ke kuma ɗaliba, wannan magana ta shafe ki sosai, domin yanzu 'yan mata suna shiga makarantun fasaha, kuma sana'ar ba ta fi ƙarfinku ba. Gyale da dogon hijabi da sakakken kitso duk abin kamu ne. Ki ɗaure gashinki, ki sa ɗan ƙaramin lulluɓi mai kama kai, ki cusa bakinsa cikin rigar aiki, ta yadda babu abin da ke lilo. A watan Afrilu na shekarar 2011, a Jami'ar Yale ta Amurka, wata ɗalibar kimiyya da ta kusa kammala karatu ta rasu bayan gashinta ya naɗe a injin juya ƙarfe, wanda yake ɗan'uwan namu ne. Da dare ne, kuma ita kaɗai ce a ɗakin aikin. Darasi biyu ke nan: a ɗaure gashi, kuma kada a yi aiki da inji inda babu wanda zai kawo ɗauki.

Hanya ta biyu ita ce jifa. Itacen da ke juyawa kullum ƙoƙari yake yi ya tsere daga inda aka matse shi, kamar dutse a cikin majajjawa. A ɗauki guntun itace mai faɗin santimita 30, irin wanda ake yin akushi da shi. In yana juyawa sau 1,000 a minti, gefensa yana gudun kusan kilomita 57 a awa. In aka kai shi 2,000, gudun ya zama kilomita 113, kamar motar haya a hanyar Damaturu. Kuma in ka ninka sauri sau biyu, ƙarfin da ke neman tarwatsa itacen ya ninku sau huɗu. Don haka babban itace a hankali ake juya shi, siriri ne ake ba sauri. Masu wannan sana'a a ƙasashe da dama suna da wani ma'auni mai sauƙi. Ka ninka faɗin itace a inci da yawan juyinsa a minti, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Itace mai inci 12 zai yi juyi 500 zuwa 750 ke nan, mai inci 3 kuma 2,000 zuwa 3,000. In itacen bai riga ya mulmulu ba, a fara da ƙasa da haka.

Kafin ka ɗora itace, ka bincike shi kamar yadda mai sayen sa yake bincikar dabba a kasuwa. Ka nemi tsaga, da ƙulli mai girgiɗi, da ramin gara, da tsohuwar ƙusa. A lokacin hunturu iska tana busar da katako da sauri, sai bakinsa ya tsattsage, wani lokaci tsagar ta shige ciki inda ido ba ya gani. Ka ƙwanƙwasa shi, in ka ji amon ya mutu, ka ajiye shi. Ka sare kusurwoyinsa tukuna domin ya rage tsalle. Ka matse shi sosai, ka ɗaure gindi da madogara. Sannan ka juya itacen da hannu, zagaye ɗaya cikakke, ka tabbata bai bugi komai ba. Idan za ka kunna, ka tsaya a gefe, kada ka tsaya daidai saitin itacen, ka kuma kawar da kowa daga wannan saiti. In ka ji inji yana rawa ko ya sake murya, ka kashe shi. Fuska kuwa tana buƙatar garkuwa ta roba mai ƙarfi wadda ta rufe daga goshi har haɓa, da tabarau na aiki a ƙarƙashinta. Tabarau na ado ba ya tare komai, fashewa yake yi ya ƙara rauni.

Hanya ta uku ita ce fizga. Idan bakin kurfi ya nutse cikin itace fiye da kima, itacen yakan cafke shi ya buga shi ƙasa, ko ya wurgo shi sama. Maganin wannan abu uku ne. Na farko, madogara ta kasance kusa da itace, tazarar kada ta wuce milimita 3 zuwa 6. Yayin da itace yake raguwa, tazarar tana ƙaruwa, sai a kashe inji a matso da ita. Ba a gyara madogara inji yana gudu. Na biyu, kurfi ya zauna a kan madogara kafin ya taɓa itace, a riƙe shi da hannu biyu, a shigar da shi sannu a hankali. Na uku, kurfi ya kasance mai kaifi. Mutane suna zaton dakusasshen ƙarfe ya fi aminci, alhali shi ne ke sa mai aiki ya danna da ƙarfi, daga dannawa kuma sai zamewa. Idan an zo goge aiki da samfefa, a cire madogara gaba ɗaya, domin tsakaninta da itace akwai rami daidai shigar yatsa. Ba a auna itace yana juyawa, kuma ba a tsayar da shi da tafin hannu bayan an kashe inji. A jira shi ya tsaya da kansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanya ta huɗu ba ta zubar da jini, shi ya sa aka fi mantawa da ita. Ƙurar katako, musamman wadda samfefa ke tayarwa, tana shiga hanci da huhu kullum, kaɗan-kaɗan. Katakon iroko da ake kawo mana daga kudancin ƙasar nan yana cikin waɗanda ƙurarsu ke jawo asma da ƙaiƙayin fata. A shekarar 1995, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam, musamman ta cikin hanci. Na san abokan sana'a da yawa da ke shan madara bayan aiki, wai tana wanke ƙura. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu ta tafi, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Abin da ke aiki shi ne takunkumin ƙura mai kama hanci da baki sosai, da rumfa mai shan iska, da yayyafa ruwa kafin shara. Kunne ma yana da haƙƙi. Ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum yana wuni a cikinta, tana rage ji a hankali. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to ka toshe kunnuwanka da matoshin aiki.

Akwai wani haɗari da ya fi damun mu a nan, shi ne ɗaukewar wuta da dawowarta. Injunan zamani suna da makunni da ke kashe kansa in wuta ta ɗauke, ba ya tashi sai an sake danna shi. Yawancin na rumfunanmu ba su da wannan. Wata shekara, ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, wuta ta ɗauke da rana a layinmu. A wata rumfa da ke kusa da tamu, wani yaro mai koyon aiki ya bar makunni a kunne, ya sa hannu yana gyara bel da ya yi sako-sako. Bel ɗin ba shi da murfi. Wuta ta dawo ba sallama. Kafin maigidansa ya kai ga makunni, yatsu biyu na hannun dama sun tafi. Yaron yana aji biyar na sakandare a lokacin, da yamma da ranakun hutu yake zuwa aiki domin ya taimaki mahaifiyarsa. Sai da ya koyi riƙe alƙalami sabo kamar ɗan aji ɗaya. Sana'ar kuwa bai sake komawa gare ta ba.

Saboda haka, da zarar wuta ta ɗauke, aikin farko shi ne kashe makunni. Kafin a taɓa bel, ko a sauya gudu, ko a share inji, a zare waya daga soket. A sa wa bel murfi, ko da na langa-langa ne. A tabbata an haɗa jikin inji da wayar ƙasa, domin kada ƙarfen ya ja mutum. Janareta kuma a ajiye shi a waje, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, wadda ke sa jiri kafin ta kashe. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta shekarar 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta yi tanadi domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Amma ba kasafai mai duba aiki yake leƙa rumfar bakin hanya ba, kuma diyya ba ta tsirar da sabon yatsa.

A ranar da abin ya faru, mutane suka taru suna cewa, "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Da yamma na tambayi kawuna ko haka ne. Ya ce, "Ɗana, duk mun yarda da ƙaddara. Amma je ka kasuwar shanu ka gani. Akwai wanda ya fi Bafulatani dogara ga Allah? To, ka taɓa ganin ya shigo da bijimi ba igiya? Wannan kalma ta jaje ce, ana faɗinta bayan abu ya faru domin zuciya ta yi sanyi. Wanda ya faɗe ta kafin ya fara aiki, uzuri yake nema wa sakacinsa." Na daɗe ina tunanin wannan magana, kuma ban sami abin da zan ƙara a kanta ba.

Na lura cewa rauni yana da lokutan da ya fi so. Yana son gab da Sallah da lokacin bukukuwan aure, sa'ad da aiki ya taru, masu kaya suna tsaye suna jira. Yana son la'asar ta watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40, gumi yana shiga ido, hannu yana santsi. Yana son wanda ya kwana bai yi barci ba, da wanda ya sha ƙwaya wai don ya ƙara ƙarfi, da mai amsa waya da hannu ɗaya. Yana kuma son gwani, domin gwani ne ke cewa, "Na saba." Idan ka gaji, ka zauna. Gara mai gado ya yi fushi na kwana ɗaya da ka yi nadama ta shekaru.

Tun da Hausa kake koyo, ga kalmomi huɗu da ya kamata su zauna a bakinka da kunnenka: "Tsaya!", "Kashe!", "Kauce!", da "Hattara!" A rumfar da yara suka fito daga harsuna dabam-dabam, da waɗannan ake gargaɗi, kuma babu lokacin fassara. Ranar farko da ka shiga kowane wurin aiki, kafin ka tambayi yadda ake kunna inji, ka tambayi yadda ake kashe shi. Kada kuma ka taɓa mai aiki ta baya ko ka kira shi da ƙarfi ba dalili. Ka tsaya inda zai gan ka, ka jira ya ɗago.

In kuma rauni ya auku, ga abin yi. A kashe inji tukuna. A danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a saki. Kada a zuba baƙin mai, ko fetur, ko toka, ko ƙasa. In ƙura ta shiga ido, kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa. In wani abu ya kafe a ido ko a jiki, kada a zare shi, a tallafe shi yadda yake. In yatsa ya guntule, a naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar a kan ƙanƙara, kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A garzaya babban asibitin gari, a kuma tambayi allurar rigakafin tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki. Ka tuna, in rauni ya yi tsanani, mai yiwuwa sai an dangana da Damaturu, kimanin kilomita 100 daga Potiskum, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kusan kilomita 300. Tafiya ce mai nisa ga mai zubar da jini, kuɗi ne kuma mai yawa ga gidan talaka.

Ban rubuta wannan domin in kore ka daga sana'ar ba. Sana'a ce mai daɗi da rufin asiri. Babu abin da ya kai ganin guntun maɗaci mai kaushi yana zama abin ado a ƙarƙashin hannunka, ɓawonsa yana zuba kamar zare. Kawuna ya tsufa a kanta, ya bar ta da yatsunsa goma da idanunsa biyu, kuma ba sa'a kaɗai ta kai shi ba. Kullum sai ya yi abu ɗaya a kan tsari ɗaya: ya cire riga, ya duba itace, ya juya shi da hannu, ya rufe fuska, ya koma gefe, sannan ya ce bismillah ya kunna. Duka-duka ba ya cin minti biyu. Da waɗannan hannuwa naka za ka ci abinci, ka yi rubutu, ka gaisa da mutane, wata rana ka ɗauki 'ya'yanka. Ka ba su minti biyun nan kowace rana. Hausawa sun ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Wane bambanci marubuci ya nuna tsakanin aikin gizago da aikin injin sassaƙa?
2. Kawo hanyoyi huɗu da inji yake bi ya cuci mutum, ka bayyana biyu daga cikinsu.
3. Me ya sa ba a sa safar hannu a gaban wannan inji?
4. Idan itace yana da faɗin inci 6, juyi nawa ya dace da shi a minti ɗaya?
5. Mene ne aikin farko idan wuta ta ɗauke? Don me?
6. Ka yarda da ra'ayin kawun marubuci game da tsautsayi? Kawo dalilanka.
7. Yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimloli: kurfi, madogara, sartse, sakaci, takunkumi, garzaya.
8. Rubuta sakin layi biyu a kan hanyoyin kare kai a wata sana'a da ake yi a garinku.